Gadon Gidajen Gwamnati: Matsayin Iyalin Mamaci a Doka da Shari'a

Gabatarwa

Daga cikin al'amuran da ke tasowa bayan rasuwar magidanci, babu wanda ya kai maganar muhalli gaggawa. Idan gidan da ya rasu ya bari nasa ne na kansa, hanyar rabonsa sananniya ce ga malamai da alƙalai. Amma idan gwamnati ce ta gina gidan ta ba shi, sau da yawa akan shiga ruɗani. Iyali su ce gidan mahaifinsu ne, ma'aikata ta ce gidanta ne, 'yan'uwan mamaci kuma su nemi a sa shi cikin gado, alhali matar da ke takaba da marayun da ke gabanta ba su san inda za su kwana wata mai zuwa ba.

An shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'ar ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, da kuma jami'an ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai da masu unguwanni waɗanda ake fara kai wa irin wannan ƙorafi. Abin da ya kamata kowa ya riƙe tun farko shi ne, ba kowane gidan gwamnati ake gado ba, kuma ba kowanne ne ake tashin iyali daga cikinsa ba. Abin da ke raba gardama shi ne sharaɗin da aka ba mamaci gidan a kansa, kamar yadda yake rubuce a takardar da ke hannunsa.

Taƙaitaccen Tarihi

Gidajen gwamnati da ke wannan yanki ba lokaci ɗaya aka gina su ba, kuma ba hukuma ɗaya ce ta gina su ba. Tun zamanin En'e ake gina wa malaman makaranta da malaman asibiti da sauran ma'aikata gidajen zama kusa da wuraren aikinsu. A shekarar 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. A jamhuriya ta biyu, tsakanin 1979 da 1983, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙuduri gina gidaje masu sauƙin kuɗi guda 2,000 a kowace jiha duk shekara, waɗanda har yanzu jama'a ke kira gidajen Shagari. A shekarar 1992 kuma aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikacin gwamnati ana zubawa a ciki, a ƙarƙashin kulawar Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Daga shekarar 2003 Gwamnatin Tarayya ta koma biyan ma'aikatanta kuɗin haya maimakon ba su gida, abin da ya kai ga sayar da gidajenta masu yawa, musamman a Abuja.

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Saboda haka akwai gidaje da filaye a wannan yanki waɗanda takardunsu ke ɗauke da sunan Jihar Kano, alhali ikon ƙasar da suke kanta ya koma hannun Gwamnan Jigawa. A yau Hukumar Gidaje ta Jihar Jigawa da ma'aikatar da ke kula da ƙasa da gidaje a Dutse su ne ke riƙe da al'amuran gidajen jiha, ƙananan hukumomi na riƙe da nasu, cibiyoyin tarayya kuma irin su Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure suna kula da gidajen ma'aikatansu bisa dokokin tarayya. Matakin farko ga kowane iyali shi ne su san wace hukuma ce ke da gidan.

Kashi Na Farko: Gidan Aiki

Gidan aiki, wanda aka fi sani da kwatas, shi ne wanda ake ba mutum saboda muƙamin da yake riƙe da shi, kamar gidan shugaban makaranta, gidan likita ko ungozoma a harabar asibiti, gidan alƙali, da barikin 'yan sanda. Dalilin zama a irin wannan gida shi ne aiki. Idan aiki ya ƙare, ta hanyar canjin wuri, ko ritaya, ko sallama, ko rasuwa, to dalilin zaman ya ƙare. Ko da ana cire wani abu daga albashin ma'aikaci duk wata a matsayin kuɗin gida, wannan kuɗin zama ne, ba kuɗin saye ba ne, kuma yawan shekarun da aka yi a ciki ba ya mayar da shi mallaka.

Don haka gidan aiki ba ya shiga cikin gado. Alƙali ba ya raba shi, magada ba su da ikon sayar da shi ko ba da shi haya ko sa wani ɗan'uwa a ciki. Ko da ɗan mamaci ma'aikacin wannan ma'aikata ne, sai ya nemi gidan da sunansa a ba shi bisa cancantarsa, ba bisa gado ba.

Sai dai wannan ba yana nufin a wayi gari a watsar da kayan iyali a waje ba. Ana ba iyalin ma'aikacin da ya rasu wa'adi domin su kintsa, kuma haƙƙinsu ne a sanar da su wannan wa'adi a rubuce. Bugu da ƙari, abin da ke taimaka musu su sami wani matsuguni shi ne haƙƙoƙin mamaci na aiki. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi suna ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo na Jihar Jigawa, wanda ke biyan haƙƙin rasuwa ga magada. Ma'aikatan tarayya kuwa, Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta a yi musu inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsu na shekara ba. Waɗannan kuɗaɗe su ya kamata a gaggauta nema, maimakon ɓata lokaci wajen jayayya a kan gidan da ba zai zama na iyali ba.

Kashi Na Biyu: Gidan Haya

Kashi na biyu shi ne gidan da hukuma ta ba mutum haya, ko ma'aikaci ne ko ba ma'aikaci ba, a kan kuɗin wata ko na shekara. A nan ginin na hukuma ne, amma ɗan haya yana da haƙƙin zama har ƙarshen lokacin da aka ƙulla.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na wannan jiha ke hukunci da ita, haya ba ta warwarewa saboda mutuwar mai zama a gida. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya bayyana haka ƙarara. Ma'ana, idan mutum ya biya hayar shekara ya rasu bayan wata huɗu, sauran wata takwas ɗin haƙƙi ne da ya bari, kuma magadansa ne ke da shi. Idan kuwa ana bin sa bashin haya, za a fitar da shi daga dukiyarsa kafin a yi rabo. Abin da ake gado a nan shi ne ragowar lokacin haya, ba ginin ba.

Bayan ƙarewar wannan lokaci, ci gaba da zama ya dogara ne ga sharuɗɗan yarjejeniya da amincewar hukumar da ke da gidan. Hanyar da ta dace ita ce iyali su zaɓi mutum ɗaya, galibi matar mamaci ko babban ɗan da ke zaune a gidan, ya rubuta takardar neman a mayar da haya da sunansa. Ci gaba da biyan kuɗi da sunan mamaci shekara da shekaru ba tare da sanar da hukuma ba yana raunana matsayin iyali ranar da magana ta tashi.

Idan hukuma na son karɓar gidanta, akwai hanyar doka. Ƙa'idar da aka saba bi a dokokin haya na Nijeriya, in yarjejeniya ba ta ambaci wani wa'adi ba, ita ce notis na wata ɗaya ga mai hayar wata, na wata shida ga mai hayar shekara, sannan ƙarin notis na kwana 7 kafin a shigar da ƙara. Kotu ce ke ba da umurnin tashi. A shekarar 1986, a shari'ar da ke tsakanin Gwamnan Soja na Jihar Legas da Cif Odumegwu Ojukwu, Kotun Ƙoli ta yi tir da yadda gwamnati ta fitar da shi daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin bindiga alhali magana na gaban kotu, ta kuma tabbatar da cewa gwamnati ma tana ƙarƙashin doka.

Ba a ƙasarmu kaɗai ake iyakance gadon gidan haya na gwamnati ba. A Ingila, Dokar Gidaje ta 1985 ta ba da damar a gaji hayar gidan ƙaramar hukuma sau ɗaya tak, kuma daga watan Afrilu na 2012 aka taƙaita wannan haƙƙi a sababbin yarjejeniyoyi ga miji ko mata ko abokin zama, sai fa in yarjejeniyar ta faɗaɗa shi. Hikimar ita ce, gidajen kaɗan ne, masu buƙata kuwa suna da yawa.

Kashi Na Uku: Gidan Mallaka

Kashi na uku shi ne gidan da gwamnati ta sayar wa mutum, ko ya biya gaba ɗaya, ko yana biya kashi-kashi ta hanyar cirewa daga albashi, ko ta hanyar lamunin banki wanda aka jinginar da gidan a kansa. Wannan shi ne ainihin gidan da ake gado.

Idan mamaci ya kammala biya, gidan ya zama dukiyarsa kamar gonarsa da dabbobinsa, ko da takardar shaidar mallaka ba ta riga ta fito ba. Rasiɗan biya da takardar rabon gida su ne hujjar magada. Idan kuwa akwai sauran biya, to abin da ya riga ya biya bai faɗi ba, ragowar kuma bashi ne a kansa. A fiƙihun Malikiyya bashin da aka yi wa ajali yakan zama na biya nan take idan wanda ake bi ya rasu, kuma haƙƙin wanda aka jinginar wa da kadara shi ake fara fitarwa daga wannan kadara. Magada na da hanya uku: su biya ragowar daga sauran dukiyar mamaci ko daga haƙƙoƙinsa na aiki; ko su nemi amincewar hukuma ko banki a rubuce su ci gaba da biya kamar yadda yake yi; ko a sayar da gidan da izinin hukuma, a biya bashi, a raba abin da ya rage.

Kafin a ɗauki ko wace hanya, ya kamata a karanta takardar lamuni da kyau, domin wasu yarjejeniyoyin suna ɗauke da inshorar rai wadda ke ɗaukar nauyin ragowar bashi idan mai biya ya rasu. Haka kuma ma'aikacin da aka riƙa cire masa kuɗin Asusun Gidaje na Ƙasa amma bai taɓa karɓar lamuni ba, magadansa na da haƙƙin neman a mayar musu da abin da ya tara. Iyalai da dama kan bar wannan kuɗi saboda rashin sani.

Haƙƙin Mai Takaba

Akwai haƙƙi guda wanda ya shafi dukkan kashi ukun nan, shi ne zaman takaba. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, ya sanya wata huɗu da kwana goma ga matar da mijinta ya rasu, mai juna biyu kuma sai ta haihu. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa a gidan da take zaune lokacin rasuwar za ta yi wannan zama, kuma tana da haƙƙin mazauni idan gidan mallakar mamaci ne ko kuwa ya riga ya biya hayarsa. A wannan hali babu wani magaji, ko ɗa ne ko ɗan'uwa, da ke da ikon fitar da ita, ko da ba ta haihu da mamaci ba. Idan hayar ba a biya ba, ita za ta biya daga rabonta ko dukiyarta, kuma ba za ta tashi ba sai in mai gida ya ƙi karɓar kuɗin haya na daidai wa daida.

Game da gidan aiki kuwa, Muhtasar na Shehu Halil ya kawo hukuncin matar sarki ko mai muƙami makamancinsa da ya rasu ya bar ta a gidan sarauta, inda ya nuna cewa wanda ya gaji kujerar ba zai fitar da ita ba sai ta gama idda. Wannan ya nuna malaman farko sun riga sun duba irin matsalar da ake fuskanta yau a gidajen ma'aikata. Saboda haka ya dace shugabannin ma'aikatu da na ƙananan hukumomi su yi la'akari da kwanakin takaba a duk lokacin da za su sanya wa iyalin mamaci wa'adin tashi, su kuma sama wa sabon ma'aikacin da aka turo masauki na wucin gadi.

Yadda Ake Raba Gidan Mallaka

Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya al'amuran gado da wasiyya da kyauta da waƙafi na Musulmi a cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Ana fara rabon ne a kotun Shari'a ta yankin da mamaci yake, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. Kafin rabo ana fitar da haƙƙin da ya rataya a kan kadara kamar jingina, sai kuɗin jana'iza, sai basussuka, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya rage shi ake rabawa bisa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i.

Ga misali domin sauƙin fahimta. A ɗauka ma'aikaci ya rasu ya bar gidan da aka yi wa kuɗi naira 5,000,000, da sauran biya na naira 1,000,000. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa, bai bar wasiyya ko wani bashi ba. Bayan an cire bashin gidan, saura naira 4,000,000. Matan biyu za su sami tumunin takaba, wato naira 500,000, kowacce naira 250,000. Ragowar naira 3,500,000 za a kasa ta gida bakwai, kowace 'ya ta ɗauki naira 500,000, kowane ɗa naira 1,000,000. Da a ce mahaifiyarsa na raye, da ta sami sudusi kafin a kai ga 'ya'ya. Idan mace ce ma'aikaciyar da ta rasu ta bar gida, mijinta na da rubu'i in ta bar 'ya'ya, ko rabi in ba ta bari ba. Gidan ba ya zama nasa shi kaɗai don kawai yana zaune a ciki.

Gidajen gwamnati galibi ƙanana ne, ɗaki biyu ko uku da falo, ba sa rabuwa ba tare da ɓarna ba. Hukuncin fiƙihu a irin wannan shi ne, abin da ba ya rabuwa sai da cutarwa, idan ɗaya daga cikin masu haƙƙi ya nemi a sayar, ana tilasta wa sauran. Mafita mafi alheri ita ce a yi wa gidan kuɗi a gaban alƙali, waɗanda ke zaune a ciki su fanshi rabon sauran, ko a ba su gidan a matsayin rabonsu, sauran su ɗauki gona ko kuɗi. Idan ɗaya daga cikin matan na da ciki, ana dakatar da rabo har ta haihu. Magajin da ke nesa, ko yana Kano, ko Legas, ko ya tsallaka iyaka ta wajen Babura zuwa Jamhuriyar Nijar, rabonsa ba ya faɗuwa.

Ga waɗanda ba Musulmi ba, ana bin wasiyyar da mamaci ya rubuta, in babu kuma a bi dokar kula da dukiyar mamaci ko al'adarsa, gwargwadon irin auren da ya yi. A shekarar 2014, a shari'ar Ukeje da Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, domin ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulki.

Abin Da Dokar Ƙasa Ta 1978 Ta Tanada

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. Gwamna ne ke ba da izinin mallaka a yankunan da aka ayyana a matsayin birane, ƙaramar hukuma kuma na ba da izini irin na gargajiya a karkara. Sassa huɗu na wannan doka sun shafi magada kai tsaye:

1. Sashe na 24 ya tabbatar da cewa izinin mallaka na wucewa ga magada bayan rasuwar mai shi, amma ba za a yanka izinin da Gwamna ya bayar gida biyu ko fiye ba sai da amincewarsa.

2. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginarwa ko mayar da irin wannan izini ga wani ba tare da amincewar Gwamna ba. Cinikin da magada suka yi a zaure da 'yar takardar shaidu kawai bai cika ba a idon doka.

3. Sashe na 7 ya nuna cewa wanda bai kai shekara 21 ba zai iya gadon izinin mallaka, kuma nauyin da ke kan izinin, kamar kuɗin ƙasa na shekara, yana nan a kansa. Don haka wajibi ne a naɗa wa marayu amintaccen mai kula da rabonsu.

4. Sashe na 39 ya ba Babbar Kotun Jiha hurumin sauraron jayayya a kan ainihin izinin mallakar da Gwamna ya bayar. Rabon gado aikin kotun Shari'a ne, amma in gardamar a kan wane ne mai gidan tsakanin iyali da hukuma ce, Babbar Kotu ake zuwa.

Wasu Kurakuran Fahimta

Na farko, sunan makusanci da ma'aikaci ke rubutawa a fayil ɗinsa na aiki ko na banki ba ya mayar da wanda aka rubuta magaji. Amfaninsa shi ne a san wanda za a tuntuɓa. Duk abin da ya karɓa amana ce a hannunsa har a raba.

Na biyu, faɗar baki cewa “na ba wance gidan nan” ba ta isa ba. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa na da rai da lafiya. Idan mutum ya ce ya bayar da gida amma ya ci gaba da zama a cikinsa har ya rasu, a mafi yawan lokuta gidan na komawa gado.

Na uku, ba a yin wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda bayan rasuwar. Haka kuma ba a yin kyauta ko wasiyya da gidan aiki ko na haya, domin mutum ba ya bayar da abin da bai mallaka ba.

Na huɗu, wanda ya yi gyara ko ƙarin ɗaki a gidan mallaka da kuɗinsa, ko matar mamaci ce ko ɗansa, ya gabatar da hujjarsa ga alƙali kafin rabo, domin a duba haƙƙinsa daban.

Matakan Da Iyali Za Su Bi

1. A nemi takardar shaidar rasuwa. Asibiti na ba da tata, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kuma ita ce ke yin rajistar haihuwa da mutuwa bisa dokar 1992, kuma tana da jami'ai a ƙananan hukumomi.

2. A tattara takardun gida wuri ɗaya: takardar rabon gida, yarjejeniyar haya ko ta saye, rasiɗai, takardun albashi masu nuna abin da ake cirewa, da takardar shaidar mallaka in akwai. A yi musu kwafi, a ajiye na asali a hannun wanda kowa ya yarda da shi.

3. A sanar da hukumar da ke da gidan a rubuce, a nemi ta bayyana matsayin gidan da abin da ake bin mamaci. A tabbatar an buga hatimin karɓa a kan kwafin iyali.

4. A sanar da mai unguwa da dagaci, domin su ne ke shaidar magada.

5. A je kotun Shari'a domin tantance magada da rabo. Inda banki ko hukuma suka buƙaci takardar izinin kula da dukiyar mamaci, sashen da ke kula da wannan a Babbar Kotu ne ke bayarwa.

6. Bayan rabo, a kai hukuncin kotu ma'aikatar ƙasa ko hukumar gidaje domin a canja suna. Masu tsofaffin takardun Jihar Kano su yi amfani da wannan dama a tantance su.

7. Kada a daina biyan haya ko kason wata-wata yayin da ake jiran kammala waɗannan matakai, kada kuma a ba kowa kuɗi ba tare da rasiɗin gwamnati ba.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya na iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa. Wanda kuma ke da kuka a kan yadda wata ma'aikata ta bi da shi na iya kai ƙorafinsa ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ba tare da biyan ko kwabo ba.

Nauyin Da Ke Kan Jami'ai Da Shugabannin Al'umma

Ana kira ga jami'an mulki da na ayyuka a ƙananan hukumomi su riƙe cikakkiyar rajistar gidajensu, mai nuna kashin da kowane gida yake ciki da sunan wanda ke zaune. Mafi yawan rikicin na faruwa ne inda fayil ya ɓata, ko inda aka ba da gida da baki. Kada a ba wani gidan da iyalin mamaci ke ciki kafin a sanar da su a rubuce wa'adinsu ya cika, kada kuma a canja sunan gidan mallaka zuwa na mutum ɗaya ba tare da hukuncin kotu ko yardar dukkan magada a rubuce ba.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni a masarautar Kazaure, da takwarorinsu na Babura a masarautar Ringim, su ne idon marayu da matan da aka mutu aka bari. Idan aka nemi shaidarsu, su lissafa magada gaba ɗaya, har da 'ya'ya mata da ke gidajen aure da 'ya'yan matan da aka rabu da su tun da daɗewa. Sulhu alheri ne, amma ba a yin sulhu da rabon maraya. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu bisa zalunci.

Kammalawa

A taƙaice, gidan aiki na komawa ga ma'aikata bayan wa'adi, gidan haya ana gadon ragowar lokacinsa ne sannan a nemi sabuntawa, gidan mallaka kuwa ana gadonsa tare da bashin da ke kansa. Ana shawartar duk magidancin da ke zaune a gidan gwamnati ya duba takardarsa tun yana da rai, ya san kashin da gidansa yake ciki, ya sanar da iyalinsa inda takardun suke, ya kuma yi ƙoƙarin kammala biya da karɓar shaidar mallaka in gidan na saye ne. Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi sakatariyar ƙaramar hukuma, ko kotun Shari'a mafi kusa, ko Hukumar Gidaje ta Jiha a Dutse. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya marayu, ya sa mu cika da imani.